Amsoshin Tambayoyinku: Renon Bakwaini

Wata mai sauraro daga unguwar Nima a Accra ta tambaya: me ke taimaka wa bakwaini ya yi ƙwari?

Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Jin taɓawa ne ke fara nuna a jikinsa, gani kuwa shi ne na ƙarshe. Shi ya sa ɗumin jikin uwa da ƙanshin nononta da muryarta a hankali suka fi masa amfani, haske mai ƙarfi da hayaniya kuma ke gajiyar da shi.

Hanyar da ta fi shahara ita ce goyon kangaru, wanda likita Edgar Rey ya fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978. Ana kwantar da jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, daga shi sai kunzugu da hula, a juya kansa gefe, a ɗaure da zani. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wanda asibitin Komfo Anokye na Kumasi ya shiga, ya nuna fara goyon nan take ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. Hukumar ta ba da shawarar awa 8 zuwa 24 kullum, kuma uba ko kaka na iya karɓar uwa.

A gidajen haya na unguwannin Zango irin su Nima, a rage 'yan barka masu ɗaukarsa, a nisanta shi da rediyo da hayaƙin turaren wuta. In ya ƙi nono ko jikinsa ya yi sanyi, a garzaya asibitin Maamobi ko Korle Bu.