Kafin Ka Karɓi Makullin Motar Haya

Ɗana, tunda kai aka ɗora wa nemo motar da za ta ɗauko 'yan biki daga Sakkwato ta tsallaka da su Ƙonni, zauna mu yi magana kafin ka nufi tasha. Haya iri biyu ce a garin nan namu na Illela. Akwai shata, mai mota ko direbansa ya tuƙa, kai naka biya da zama. Akwai kuma wadda za a miƙa maka makulli a ce Allah ya tsare hanya. Ta biyun nan ce ke ɓata zumunci, domin cikin fara'a ake ƙulla ta, ba mai son ambaton hatsari da bakinsa, sai mota ta daki wani abu a wajen Gwadabawa kowa ya tuno da magana daban.

Mai motar zai ce maka takardunsa sun cika, har da inshora. Ka yarda da shi, amma ka tambaye shi wace iri. Akasarin masu mota ƙaramar inshora suke yanka, wadda doka ta tilasta, wadda 'yan sanda suka tsananta bincikenta tun 1 ga Fabrairun 2025. Hukumar inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida a farkon 2023, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. To, dukiyar wa? Ta mutumin da ka buge: motarsa, babur ɗinsa, rumfarsa. Motar da kake ciki ba ta da ko kwabo a wannan takarda. Sannan in inshorar ta motar gida ce aka sa motar haya, kamfani na iya ƙin biya ɗungurungum. Ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, za ka ga ko takardar ta gaske ce, don na jabu sun yi yawa.

Ko babbar inshora gare shi, wadda ke gyara motar kanta, akwai kason farko da kamfani ba ya taɓawa, ekses suke ce masa. A ce an rubuta 100,000, gyara kuma ya ci 400,000: kamfani zai ba da 300,000, sauran ya nemi mai shi. In gyaran bai kai 100,000 ba, kamar fashewar fitila ko madubi, kamfani ba ruwansa. Nan ne rigima ke kwana. Mai mota zai ce kai ke riƙe da sitiyari, kai kuma ka ce ai an ce maka akwai inshora.

'Yan'uwanmu da ke zuwa Ingila ko Dubai sun san wannan kaso sarai, don kamfanin haya na can ba ya sakin mota sai ya ɗaure wani kuɗi a katin mutum. Wasu katunan bashi na manyan bankuna sukan mayar wa mai su abin da aka cire, amma da sharaɗi: da katin aka biya hayar gaba ɗaya, sunan mai katin ne a yarjejeniya, kuma sai ya fara biya sannan ya kai takardu ya nemi a mayar masa. Sau da yawa taya da gilashi da ƙarƙashin mota ba sa ciki. Katin ATM da ke aljihunka ba wannan ba ne, ɗana, kuɗinka kawai yake ɗauke da su. Kada wanda ya dawo daga waje ya ruɗe ka da labarin katinsa.

Mu da ba mu da katin, muna da abin da ya riga shi. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Risala, sun karantar da mu cewa mai haya amintacce ne: in abu ya lalace a hannunsa ba da sakacinsa ba, ba a ɗora masa biya, sai in ya yi ganganci ko ya ƙetare abin da aka yi da shi. Ni ina ganin adalci ne mai kyau, amma sai an san iyakar kafin a ce an ƙetare ta. Saboda haka ku zauna gaban mutum biyu ku rubuta: ina da ina motar za ta, wa zai tuƙa, kuma in ƙaddara ta afka, nawa ne a wuyanka, nawa a wuyansa. Faɗin wannan ba mugun fata ba ne. Sannan ku zagaya motar tare, wayarka na ɗauka. Ka nuna tsagar da ke gefen gilashi, lotsawar bamba, ka buɗe but ka taɓa safaya da jak, ka ɗauki allurar mai. In zuciyarsa ko taka ba ta kwanta da inshora ba don addini, akwai takaful, irin su Noor da Jaiz.

Sai batun iyaka. Ƙonni kusa take, har muna mantawa wata ƙasa ce. Takardar da ke lamunce ɓarnar da motar Najeriya ta yi a ƙasashen maƙwabta ita ce katin ruwan ƙasa na ECOWAS, wanda aka kafa a 1982, kuma tun 2023 an haɗa shi cikin ƙaramar inshorarmu. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, don haka ka sa mai motar ya kira kamfaninsa a gabanka, su tabbatar takardarsa na aiki a can. Ya kuma rubuta maka izinin tsallakawa da motar, da sa hannunsa. In ka shiga Nijar da ita ba da yardarsa ba, ko akuya ka kauce wa ka faɗa rami, a shari'a da a kamfani duka gyaran naka ne.