Darasi na 9: Ɗoɗɗoya da Na'ana'a a Tukunyarmu

Lokaci: minti 45, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan da za a tanada: ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya da na na'ana'a, busasshe kaɗan a leda, ƙaramin cokalin shayi, gishiri, ƙwayar magi ɗaya, kanwa.

Abin da muke so a ƙarshen zama: kowace mace ta san amfanin waɗannan ganye da iyakar amfaninsu, ta kuma san yadda za ta rage gishiri da magi ba tare da miya ta yi lami ba.

Mafarin zance

 Na daɗe ina zagaya ƙungiyoyinmu daga Kazaure zuwa Roni, Gwiwa da Babura, kuma akwai abin da nake lura da shi a littafin asusun taimakon juna. Mafi yawan rancen gaggawa na asibiti ne. Wata rana a wani ƙauye na Roni, wata baba ta nemi rance karo na biyu don maganin hawan jini. Da aka tashi na bi ta gida. Na tarar da surukarta tana kaɗa miyar kuka, a gabana ta marmasa magi biyar, ta bi da gishiri, ga kanwa tun farko. Na ce, "Baba, ai ga inda kuɗin ke tafiya." Ta ce, "To 'yar nan, in an rage, wa zai ci?" Tambayarta gaskiya ce. Amsarta ce darasinmu na yau.

Dangin ganye masu ƙamshi

A murza ganyen a zagaya da shi kowa ta shinshina. Ɗoɗɗoya da na'ana'a dangi ɗaya ne. Ku duba karansu, kusurwa huɗu gare shi, ganyen kuma bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna. Tayim ɗin da muke saya a leda tare da kori shi ma ɗan gidan ne. Yarabawa na ce wa ɗoɗɗoya efinrin.

Akwai wani ɗan uwansu da Turawa ke kira sabori, asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. Jamusawa sun sa masa suna da ke nufin "ganyen wake", don da shi suke dafa wake, ya ƙara ɗanɗano kuma a samu sauƙin kumburin ciki. Ba sai mun nemo shi daga nesa ba, nasa aikin ne ɗoɗɗoya ke mana a nan.

Ƙamshin da kuka ji, wani mai ne a cikin ganyen. Wata ɗoɗɗoyar man da ke cikinta iri ɗaya ne da na kanumfari, wata kuma irin na tayim. Shi ne ke tada sha'awar abinci, ya sa baki ya ji daɗin miya ko da gishiri bai yi yawa ba.

Me ke cikinsu na gina jiki?

Ɗanyen ganyen yana da bitamin A mai taimakon ido da garkuwar jiki, da bitamin K mai taimakon daskarewar jini in an ji ciwo. Akwai sinadarin ƙarfe, wato ayon, wanda jiki ke yin jini da shi, da kalshiyam na ƙashi da haƙori.

Amma bari in gaya muku gaskiya, kada wani mai talla ya ruɗe ku. A giram 100 na busasshen sabori akwai ayon wajen miligiram 38. Adadin da yawa, sai dai wa ke cin giram 100? Cokalin shayi ɗaya giram ɗaya da ɗan wani abu ne, ayon ɗinsa kusan rabin miligiram ke nan. Mace mai jinin al'ada kuwa tana bukatar wajen miligiram 18 a rana, mai ciki 27. Haka lissafin yake ga duk ganyen da ake barbaɗawa. Kun ga ke nan ba zai maye gurbin wake, zogale, rama, alayyafo, hanta da kifi ba. Aikinsa shi ne ya sa a ci waɗannan da marmari.

Maganar jini ba ƙarama ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Najeriya na da ƙarancin jini. Saboda haka ku riƙe dabaru biyu. Na ɗaya, a haɗa wake ko ganye da abu mai bitamin C, kamar lemon tsami, ɗanyen tumatir ko gwaba, don jiki ya fi zuƙe ayon. Na biyu, kada a sha shayin ganyen ti a kan abinci, yana hana zuƙewar. A ba shi kamar awa ɗaya. Mai ciki kuma ta riƙa zuwa awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta.

Gishiri, magi da kanwa

A cika cokalin shayi da gishiri, a shafe kansa, a ɗaga kowa ta gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, kusan wannan cokalin ke nan, duk da wanda ke cikin miya, ƙosai da burodi. Ƙwayar magi kusan rabinta gishiri ce. Kanwa ma tana da sinadarin nan na gishiri mai tada hawan jini, kuma in ta yi yawa a wake tana lalata wasu bitamin.

Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego da gashi. Iyayena, ban ce a raina al'ada ba. Amma a sassauta wa mai jego kanwa. In kuma ƙafarta ta kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar.

Ga yadda nake yi a gidana:

1. Wake: in jiƙa tun dare, in zubar da ruwan, in dafa da sabo. Yana saurin nuna, itace ya ragu, ba na neman kanwa, kumburin ciki ma ya ragu. Dab da saukewa in watsa ɗoɗɗoya.
2. Miya: in ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta, in rage magi ɗaya. Bayan mako biyu in sake rage ɗaya. Harshe na sabawa in ba a yi masa gaggawa ba.
3. Farfesu da fate: ɗanyar ɗoɗɗoya a minti biyar na ƙarshe. In ta daɗe a wuta ƙamshin tashi yake.
4. Zoɓo da kunun tsamiya: 'yar na'ana'a, sai sukari ya ragu.

Inda ganye ya tsaya

Shayin na'ana'a na sauƙaƙa kumburin ciki da gyatsa bayan cin abinci mai nauyi. Amma mai ƙwannafi ta yi hattara, yakan ƙara mata.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono zalla. Babu jiƙo, babu dauri, babu ruwan ganye.

Yaro mai gudawa, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Mai zazzaɓi a kai shi a yi gwaji. Ƙamshin ɗoɗɗoya na iya korar sauro na ɗan lokaci, bai kai gidan sauro ba.

Mai ciki ta ci a miya kamar kowa, kada ta dafa mai kauri ta sha da sunan magani. Mai shan maganin hawan jini ko na suga kada ta bari don ta fara cin ganye. Kada a ɗiga ruwan ganye a ido ko kunne.

Shuka da ajiya

Ba sai mai fadama ko na kusa da dam ɗin Kazaure ba. Tsohon bokiti ko buhu ya isa. A huda ƙasansa, a haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki. Na'ana'a reshe ake dasawa, tana son danshi da 'yar inuwa. Ɗoɗɗoya iri ko reshe, ta fi son rana. Ruwan wankin shinkafa ko na alwala ya wadatar, ban da na omo. A riƙa tsinke kan da furen don ta yi rassa. A kewaye da ƙaya saboda awaki da kaji.

In ya yi yawa a wanke, a baza a faifai cikin inuwa mai iska, a rufe da siririn mayafi. Rana na cinye ƙamshi da launi. Da hunturu kwana kaɗan ya bushe. In ya yi ƙaras a hannu, a zuba a kwalba mai murfi.

Lissafin ƙungiya

Tsarin nan namu ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, kuma dubararsa ita ce tara kaɗan-kaɗan. To mu lissafa. A ce gida na sa magi 6 a yini, 42 ke nan a mako. In aka rage rabi an tsira da 21. Magatakarda ta tambayi farashin yau ta buga, mu ga ko ya kai rabin zubi. Wadda kuma shukarta ta yi kyau tana iya ƙulla ɗanye ta kai wa masu shayi da masu abinci. Amma kafin kowa ta nemi rance don wannan sana'a, ta fara samun mai saye.

Tambayoyin tattaunawa

1. Magi nawa ke shiga tukunyarki a yini? Wa zai fara ƙorafi in an rage, me za ki ce masa?
2. Yaya ake yi wa mai jego kunu a garin nan? Wa ya kamata mu fara yi wa magana, uwar miji ko ungozoma?
3. Mu nawa ne aka auna mana hawan jini a bana?

Aikin mako

Wadda ke da shuka ta kawo wa mutum biyu reshe a zama mai zuwa. Kowace ta rage magi ɗaya a miyar dare har kwana bakwai, ta zo ta faɗa mana abin da mutanen gida suka ce. Shugaba ta nemi ma'aikaciyar lafiya ta asibitin da ke kusa ta zo ta auna mana jini a ranar zubi. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.