Darasi: Kalmomin Turancin Jami'a Ga Uwargida Mai Komawa Karatu

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi uwargidan da ta koma makaranta bayan haihuwa biyu ko uku, ko take shirin zana JAMB, ko ta riga ta samu gurbi a Jami'ar Bayero ko wata kwalejin ilimi.

'Yar uwa, idan a Fagge kika tashi, da wuya a ce ba ki jin Turanci. Kina shiga kasuwar Sabon Gari ki yi ciniki da Ibo da Yarbawa har ki samu ragi, kina karanta takardar asibiti, kina taya yara aikin gida. Amma ranar da malami ya miƙo miki takardun darasi, sai ki ga kamar wani harshe ne daban. Ba ƙwaƙwalwarki ce ta tsufa ba. Turancin kasuwa daban, na littafi daban, kuma bambancin yawanci a kalmomi yake. Ina ganin wannan ne ke kayar da mata da yawa a shekarar farko, alhali an biya kuɗin makaranta, maigida ya ba da izini da ƙyar, ga kuma masu jiran su ce ai dama mun faɗa.

To waɗanne kalmomi ne? A shekarar 2000 wata malama a Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, mai suna Averil Coxhead, ta tara rubuce-rubucen jami'a na fannin shari'a da kasuwanci da kimiyya da adabi, kimanin kalma miliyan uku da rabi. Ta ware kalmomi 2,000 na yau da kullum, sannan ta tace waɗanda ke yawan fitowa a dukkan fannonin. Ta samu dangin kalma 570, ta kira jerin Academic Word List. Waɗannan kaɗai su ne kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi, wato a duk kalma goma da kika karanta, ɗaya daga cikinsu take. Ta kasa su rukuni goma, sittin-sittin, na ƙarshe talatin, kuma rukunin farko ya fi kowanne yawan fitowa. A ciki ne za ki samu analyse, concept, factor, method, significant, theory. Jerin yana intanet kyauta, ki sa a buga miki shi a shagon kwamfuta.

Ki lura na ce dangin kalma, ban ce kalma ba. Nan ne ɗalibar Islamiyya ta fi kowa sa'a, sai dai ba ta sani ba. Duk wadda ta taɓa sarfu ta san cewa daga harafi uku, kaf da ta da ba, ake samun kataba, katib, maktub, kitab, maktaba. In kin san tushen, kin san gidan gaba ɗaya. To manyan kalmomin Turanci ma haka suke, domin akasarinsu daga Latin da Girkanci da Faransanci aka aro su, musamman bayan da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Kamar dai yadda mu ma kalmominmu na ilimi, irin su hujja, dalili, sharaɗi, hukunci, nazari, daga Larabci suka zo.

Ga misali. Tushen scrib ko script a Latin rubutu ne. Daga shi aka samu describe, wato siffantawa. Prescribe, abin da likita ke rubuta miki. Manuscript, rubutun hannu, don manu hannu ne. Tushen port ɗauka ne: import shigo da kaya, export fitar da su, transport jigilarsu. Tushen spect kallo ne: inspect dubawa da kyau, perspective mahanga, retrospect waiwaye. Ƙarshen kalma kuma shi ke gaya miki aikinta. Wadda ta ƙare da tion yawanci suna ce, kamar masdari. Mai er ko or sau da yawa mai aikatawa ce, kamar ismul fa'ili. Mai able kuwa abin da zai yiwu a yi. Sai dai a yi hattara, Turanci bai kai Larabci bin ƙa'ida ba. Gaɓar in a farkon kalma takan kore ma'ana, kamar invalid, abin da bai inganta ba, amma invaluable abu ne mai darajar da ta wuce kimantawa.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Ɗaliban Japan sun daɗe a cikinsa, kuma har ribar wahalarsu muke ci. Wannan ƙamus na Oxford Advanced Learner's da ke jibge a shagunan littattafai na Sabon Gari, asalinsa don su aka rubuta shi. Wani Bature malamin Turanci, A. S. Hornby, ya je Japan koyarwa a shekarun 1920, ya ga ƙamus ɗin Turawa bai amfani baƙon harshe, don yana fassara kalma mai wuya da wadda ta fi ta wuya. Shi da abokan aikinsa suka rubuta wani mai sauƙin bayani da misalan jimloli, aka buga shi a Tokyo a 1942, kamfanin Oxford ya sake buga shi a 1948. Shi ya sa nake cewa ki saye shi ko da gwanjo ne, amma ki buɗe ki duba shafukan kafin ki biya, don akwai na jabu masu dusasshen rubutu. Ƙamus na Turanci da Hausa, irin na Neil Skinner ko na Roxana Ma Newman na 1990, yana taimakawa a farko, sai dai bai nuna miki yadda kalma ke zama da 'yan uwanta a jimla.

Wani tarkon da muka yi tarayya da Japanawa shi ne kalmar aro da ta sauya ma'ana. Su sun ari mansion, wato katafaren gida, suka mai da ita sunan ɗakunan bene na zama. Mu kuma mun ari canteen muka ce kanti, har ga Kantin Kwari nan kusa da mu, alhali a Turancin yau wurin cin abinci ne. A Turancin jami'a irin wannan ya fi haɗari, don kina ganin kin san kalmar. Argue a gida musu ne, a littafi kuwa kafa hujja ne. Critical ba kushe ba ne, auna abu ne da idon basira. Issue ba haihuwa ba ce kamar yadda ake faɗa a nan, mas'ala ce.

Yanzu ga inda maki ke zubewa, wato kalmomin umarni a takardar jarrabawa. In an ce define, ta'arifi ake so, gajere, kamar yadda ake kawo ma'anar kalma a lugga da isɗilahi. In an ce describe, ki siffanta. In an ce discuss, ki kawo ɓangarori, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. In an ce evaluate, bayan kin kawo su sai kin rinjayar da ɗaya da dalili. Contrast bambanci kawai yake nema, compare kuwa kamanni da bambanci. Mace za ta cika shafi uku da bayani mai kyau a kan tambayar evaluate, ba ta yanke hukunci ba, ta tashi da rabin maki tana mamaki.

Haka ƙananan kalmomin haɗi: however, whereas, although, therefore. Su ne ke juya akalar magana. Kuma marubucin da ya ce binciken suggests abu kaza, nuni kawai ya yi. Bai ce proves ba, wanda ke nufin tabbatarwa. Tazarar da ke tsakaninsu kamar ta zato ce da yaƙini.

Ta yaya za ki haddace, ga girki ga yara? Kalma biyar a rana ta isa. A kwana 12 kin gama rukunin farko, a kwana 114 kin ratsa jerin duka, bai kai wata huɗu ba. Ki yanka kwali ƙanana, gaba ki rubuta kalmar, baya ma'anarta da danginta da jimla ɗaya da kika ƙirƙira daga rayuwarki, misali a kan tsadar gas ko kuɗin makarantar yara. Ki ajiye su a kicin, kina jiran shinkafa ta tsotse kina juyawa. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mafi yawan mantuwa a farko-farkon koyo take faruwa, maimaitawa a rarrabe ce ke rage ta. Wannan ai muraja'a ce, mu mun san ta. Kalmar yau ki waiwaye ta gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. In kina da babbar waya, shafin ƙamus na Oxford yana furta miki kalmar, ki saurara ki maimaita da ƙarfi, kada kunyar yara ta hana ki.

Aikin gida kafin fitowa ta gaba: assume, derive, establish, indicate, vary. Ki nemo dangin kowace, ki sa ta a jimla, sannan ki ɗauki shafi ɗaya na takardun darasinki ki ja layi ƙarƙashin duk inda kika ci karo da su. Wassalamu alaikum.