Amsoshin Tambayoyinku: Coci da wariyar launin fata

Wannan tambaya daga Malama Rifkatu ce a Kafanchan. Ta ce: "Shin akwai cocin da ta taɓa amsa laifin nuna wa baƙaƙen fata wariya, ta nemi gafara?"

To Malama Rifkatu, mun gode. Akwai, kuma babbar coci ce: ƙungiyar Baptis ta kudancin Amurka. Asalinta ma a kan bauta aka kafa ta, a 1845, bayan 'yan Baptis na arewacin ƙasar sun ƙi yarda a tura mai mallakar bayi aikin bishara. Na kudu suka ɓalle, suka kafa tasu. Abin mamaki, ita ce kuma ta turo 'yan mishan ƙasar Yarabawa ba da jimawa ba.

Sai da aka yi shekara 150, wato a 1995, wakilanta suka taru a birnin Atlanta, suka yi tir da wariyar launin fata, suka ce zunubi ce, suka roƙi baƙaƙen fatar Amurka gafara. A 2012 kuma suka zaɓi Fasto Fred Luter na New Orleans shugaba, baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera.

Amma Malama, neman gafara daban, gyaran hali daban. Har gobe, ranar Lahadi a Amurka, yawanci farare na da majami'unsu, baƙaƙe na da nasu. Da fatan kin gamsu.