Kafin ka sayi keke mai naɗewa

Idan ɗakinka a unguwar Madaki ƙarami ne, ko kana tsoron barin keke a ƙofar gida, keke mai naɗewa zai yi maka rana. Sai ka naɗe shi ka jingine a bayan ƙofa, ko ka sa shi a but ɗin mota in za ka Kumo.

In na gwanjo ne, fara duba gaɓar da ake naɗe shi. Riƙe birkin gaba, ka jijjiga keken. In gaɓar tana wasa, ko ka ga tsaga ko tabon walda kusa da ita, bar shi komai arharsa. Nan yake karyewa, kuma kana bisa kansa zai karye.

Ni na fi son mai taya inci 20, irin yawancin kekunan Dahon. Brompton na Landan, mai inci 16, ya fi naɗuwa tsaf, amma ƙaramar taya tana nutsewa a yashi, kuma samun madadinta aiki ne.

Wajen kwalliya, fara da taya mai faɗi da fitila. Kada ka goya mutum, kada kuma ka ɗaga sandar sirdi ta wuce alamar iyakarta. Da hunturu, riƙa goge ƙurar gaɓar kafin ka ɗiga mata mai.