Ciyar da Ɗan'uwan da Aka Yi wa Tiyatar Kansar Tumbi

A cikin Markus sura 5, bayan da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, sai ya umarta a ba ta abinci. A nan aikin iyayenta ya soma. Haka yake ga ɗan'uwan da aka yi wa tiyatar kansar tumbi, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko a wani babban asibiti. Mukan cika ɗakin majiyyata da addu'a, mu yi godiya ranar sallama, sa'an nan mu watse, alhali kuwa shekarun da ke gaba a hannun mai girki suke.

Tun 1881 wani likita mai suna Theodor Billroth ya yi nasarar yanke sashen tumbi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A yau likita yakan cire rabi ko fiye, wani lokaci duka, ya jawo ƙaramin hanji ya ɗinke da abin da ya saura, ko da maƙoshi. Hanyar abinci ta buɗe ke nan, amma rumbun da ke tsare shi ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ya ƙanƙance, ko ma babu shi.

Saboda haka idan ya ci da yawa, ko ya sha abu mai zaƙi, abincin yakan zube cikin hanji gaba ɗaya. Cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi, jiri, bugun zuciya, murɗawar ciki da zawo. Wani kuma sai bayan sa'a 1 zuwa 3 jikinsa ya kama rawa, domin sukarin jininsa ya faɗi. Iyali sukan firgita su ce ciwon ne ya dawo, wasu ma su ce sammu ne. Sau da yawa malmalar tuwon ce ta yi masa yawa.

A nan al'adarmu take ba mu wahala. Mun saba auna ƙauna da girman kwano, Zumuntar Mata kuma ba ta zuwa gaisuwa sai da lemon kwalba da kunun zaƙi. Uwargida, ki raba abincinsa kashi 6 ko fiye a yini, ya tauna sosai, ya jinkirta shan ruwa sai kamar rabin sa'a bayan cin abinci. Idan kin shiga Babbar Kasuwar Gombe, ki sa kuɗin cefanen a kan ƙwai, kifi, hanta, gyaɗa, zogale da alayyafo. Wake da nono a gwada su kaɗan tukuna, gama ba kowane ciki yake karɓarsu ba. In ɗan kasuwa ne ya koma rumfarsa, ya tafi da ƙaramin kwanonsa, kada ya wuni yana ciniki ya haɗa yunwar duka da dare.

Akwai haɗarin da ba ya yin ƙara. Tumbi ne yake fitar da sinadarin da jiki ke bukata domin ya sha bitamin B12. Hanta tana da ajiyar da takan kai 'yan shekaru, don haka mutum yakan ga kamar ya warke sarai, ya daina zuwa asibiti. Daga baya sai ƙarancin jini, kasala, mantuwa da mutuwar tafin ƙafa. Wanda aka cire wa tumbi duka zai riƙa karɓar wannan bitamin muddin ransa, yawanci ta allura. Wannan kuɗi ne da ya kamata dattawan ikkilisiya su tuna da shi bayan an manta da baikon ranar tiyata.

Batun azumi fa? Idan ikkilisiya ta sa azumin kwana uku, kada a bar shi ya shiga don kunyar idon jama'a. Fasto ya same shi a gida tun kafin a yi sanarwa, ya gaya masa a gaban iyalinsa cewa ya ci abincinsa a kan lokaci, ya zo taron addu'a da yamma.