Amsoshin Tambayoyinku: Shin Gidan Haya Riba Ce Zalla?

Wani mai sauraro daga Zariya yana so ya sani ko akwai hatsari a sayen gida don zuba 'yan haya.

Akwai kuwa, kuma daga takarda ake fara tuntuɓe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka cinikin da bai samu amincewarsa ba yana tangal-tangal. Masu shagunan Filin Idi a Kano sun ɗanɗana kuɗarsu a 2023, ranar da katafila ta bi ta kan jarinsu.

Sai kuma ɗan haya mai taurin bashi. A Abuja, mai biyan shekara-shekara sai an ba shi wa'adin wata 6, a ƙara kwana 7, kana a nufi kotu. Duk tsawon lokacin nan rufi na yoyo, masai ta cika, mai gida kuma ke biya. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, siminti da kwano suka yi tsada, kuɗin hayar da aka riga aka yi yarjejeniya a kai kuwa na nan inda aka tsayar da shi.

In buƙatar sayarwa ta taso, gida kan yi watanni a hannun dillalai. Malam, ka nemi lauya ya binciki takardun kafin ka biya ko sisi.